Garwashin da Na Bari Ya Mutu a Kumasi

Mota ta sauke ni a Kumasi da hantsi, ana yayyafi. Nafi'u, wanda ya yi alkawarin zai tarye ni, bai zo ba. Ɗan garinmu ne, unguwarsu tana bayan tamu, kuma shi ya rubuto mini cewa ya samo mini ɗaki kusa da jami'a. Sau huɗu ina kiransa ba ya ɗauka. A na biyar ya ɗauka ya ce, "Yallaɓai mai rediyo, har ka iso? Wallahi ɗakin nan an riga mu. Ka nemi Zango, Hausawa ne cike, ba za ka kwana a titi ba." Ya kashe waya.

Shekara tara na yi ina karanta labarai da gabatar da shirin kimiyya a wani gidan rediyo a Kaduna, kafin in ajiye aiki in fito neman digiri na biyu a ilimin taurari. Rediyo ya koya mini abu biyu: ba a ɗaga murya, kuma ba a karanta labari sai an ji shi daga majiya biyu. Saboda haka ban ɗaga murya ba. Na ɗauki jakata na shiga ƙaramar motar haya da suke kira trotro, na ce a sauke ni inda Hausawa suke.

A Alabar, cikin Zango, aka sauke ni. Ina tsaye bakin wata rumfa ina tambayar inda ake samun masauki, sai matar da ke sayar da shinkafa da wake ta ɗago ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ɗan ina?"

"Kaduna, Mama."

"Ka ci abinci?"

Wannan ce tambaya ta biyu da aka yi mini a Zango. Sunanta Mma Hawa. Ta cika mini kwano, ta tsaya a kaina har na cinye, sannan ta bar wa maƙwabciyarta rumfar ta ja ni ta lunguna zuwa gidan yayanta, Baba Seidu, dillalin shanu. Kakansa ne ya gangaro daga arewa da garke, cinikin goro ya riƙe shi. Baba ya saurare ni yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Nan Zango baƙo ba ya yawo babu maigida. Daga yau in an tambaye ka, ka ce gidan Seidu." Ya nuna mini ɗaki kusa da zaure. Mma Hawa tana fita tana dariya. "Baba, ka ji Hausan shi? Kamar labaran ƙarfe ɗaya!" Tun daga ranar sunana Haliru ya ɓace, na zama Mai Rediyo.

Ga aikin da na zo yi a taƙaice. Lokaci-lokaci, can nesa inda hankali ba ya kaiwa, wani ƙaton tauraro yakan mutu, ko matattun taurari biyu su yi karo. Sai a sami walƙiyar wani haske mai ƙarfi da ake kira gamma, ta ɗan lokaci kaɗan, ta ɓace. Akwai taurarin ɗan'adam da ke gadin sama dominta. In sun gan ta sukan aiko da saƙo nan take, amma sau da yawa ba sa iya cewa ga daidai wurin, sai dai su zana fili su ce a ciki take. Bayan walƙiyar akwai ragowar haske da ke dusashewa sa'a bayan sa'a. A shirina na rediyo garwashi na sa masa suna, domin wuta ta mutu amma wurin bai huce ba. An fi saurin gano garwashin da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar duniya ba ta barin wannan haske ya iso ƙasa, don haka na'urar da ke ganinsa ita ma tana kan tauraron ɗan'adam. Ana juya ta zuwa filin, ta ɗauki hoto, hoton ya sauko, mutum ya zauna ya nemi ɗigon da babu shi jiya.

Wanda ya samo ɗigon yakan aika sanarwar gaggawa ga masu wannan aiki a duniya duka, domin manyan maduban hangen nesa na ƙasa su juya can kafin garwashin ya mutu. Su ne ke auna nisan abin. Sanarwar ba ta da tsawo, amma tana ɗauke da sunaye, kuma sunan farko shi ake tunawa.

Tarkon aikin shi ne sama cike take da tsoffin taurari masu fitar da hasken eksire, waɗanda suke nan tun kafin a haifi kakanninmu. Don haka ana yin bincike biyu. A duba kundin tsoffin hotuna a ga ko ɗigon ɗan gari ne. Sannan a jira hoto na biyu a ga ko ya dusashe. Majiya biyu ke nan, abin da na sani tun a ɗakin labarai.

Shugabar sashenmu Farfesa Akosua ce, 'yar ƙabilar Asante ta nan Kumasi, mai tsauri da adalci gwargwadon abin da ta gani da idonta. Tana da yarjejeniya da wasu masana a Turai: wasu makonni gadin hotunan namu ne, kuma a ƙarshen shekara za ta ba su sunan ɗalibi ɗaya da za su ɗauka ya yi digiri na uku a can. Kujera ɗaya, mu biyu. Nafi'u ya riga ni zuwa da shekara biyu, kuma cikin ɗalibai shi kaɗai ke da izinin aika sanarwa.

Ina da wata ɗabi'a da na taho da ita daga gida. A ɗakin labarai, in an tabbatar da labari ana sa masa alamar jan biro, mai karantawa ya ɗauka ba tare da tambaya ba. A Kumasi ma haka nake yi. Ina buga hoton a takarda, ɗigon da nake zargi in zagaye shi da fensir, wanda na duba a kundi na ga baƙo ne in zagaye shi da ja. Da farko Nafi'u dariya yake yi. "Tsoho da jan biro! Nan ba rediyo ba ne, yallaɓai." Daga baya ya daina dariya, don ya lura jan birona bai taɓa ƙarya ba.

A watana na bakwai, wata Talata da safe, saƙo ya shigo. Nafi'u yana wurin shan shayi. Na zauna a kwamfutar sashen, wadda dukanmu muke shiga da suna ɗaya, na tace hoton, na cire tabon da na'urar kanta take yi, na sami ɗigo a gefen kudu na filin. Kundi bai san shi ba. Na zagaye shi da ja.  Nafi'u ya shigo ya duba, ya dafa kafaɗata. "Ma sha Allah, ƙanena. Kawo in aika, kai je ka wanke fuska." Na girme shi da shekara huɗu, amma ban damu da ƙanena ba a ranar.

Sanarwa ta fita da sunan Nafi'u a farko, sai Farfesa, sai Turawan. Na karanta ta sau uku, kamar yadda nake bin rubutu kafin in shiga ɗakin watsa labarai. Babu ni. Takardar mai jan da'ira kuma ta ɓace daga kan tebur. Washegari hoto na biyu ya nuna ɗigon ya dusashe. Garwashi ne na gaske, na farko da sashenmu ya taɓa samowa.

Na same shi a bayan gini na ce, "Malam Nafi'u, an manta da suna ɗaya."

"Sauri ne, wallahi. Ka san abin ba ya jira. Kuma kai sabo ne, Turawan nan ba su san ka ba, sai su fara tambaya. Haƙuri, akwai gaba."

A taron mako Farfesa ta yaba wa idon Nafi'u. Na ɗaga hannu na ce da Turanci, a hankali, ni na samo ɗigon. Nafi'u ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne, ya taimaka sosai wajen buga takardu." Aka yi dariya. Farfesa ta dube ni ta dube shi. Ba ni da takarda, kwamfuta kuma ba ta san hannun kowa ba. Ta ce, "Ku 'yan gari ɗaya ne, harshenku ɗaya. Ku je ku sasanta a gida." Ban san maganar da ta fi ci mini rai ba, tasa ko tata.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Ruwan Kumasi ba ya gajiya, rigata ba ta bushewa, takalmina ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Nakan kunna tsohon gidan rediyonmu a waya in ji wanda ya gaje ni yana gaggawar kalmomi kamar ana korarsa. Mahaifiyata takan aiko da saƙon murya tana tambaya ko an fara kirana dakta, in amsa mata da labarin ruwan sama. Na yi kewar fura mai kauri da rana mai tsayawa a tsakiyar kai. Mma Hawa ce ta fara lura. Ta ga kwanona ya dawo da rabi kwana uku a jere, ta ce, "Mai Rediyo, mace ne ko makaranta?" Na ce makaranta. Ta ce, "To wannan ya fi muni, mace ana ba shi haƙuri." Ta kai ƙarata wurin Baba.

Ranar Asabar Baba Seidu ya ce in raka shi kara, kasuwar shanu. Manyan motoci sun iso daga arewa, ana sauke shanu, kaho na karo da kaho, dillalai na ihu da Hausa da Fulatanci da Twi, harshen Asante. Baba yana tafiya a hankali yana dubawa, bai taɓa ko ɗaya ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Saniyar da ta sauko daga mota yau ba a sanin ta yau. An ba ta gishiri ta sha ruwa, ciki ya tashi. A bar ta ta kwana, gobe ka ga gaskiyar ta." Sannan ya ce in ba shi labarina. Na ba shi, ban ƙara ban rage ba.

Ya jingina da shinge ya ce, "Da ina saurayi akwai wani dillali, ba zan faɗi sunan shi ba, ya rasu. Ba ya da ido, amma ya san ni ina da shi. Kullum yana bayana. Bijimin da na daɗe a kai, na buɗe bakin shi, na shafa tozon shi, ina juyawa sai ya riga ni wurin mai shi. Shekara guda yana ci da idona. Rannan na ga wani bijimi fari, kyakkyawa, amma na ji numfashin shi, huhu ya lalace. Na tsaya a kan shi. Na buɗe baki, na shafa tozo, na gyaɗa kai. Sai aka kira salla, na tafi masallaci."

"Ya saya?"

"Bijimin bai kai ko Tafo ba, nan kusa, ya mutu." Ya tofar da ɓawon goro. "Ni ban ce mishi saya ba. Ka ji ni? Ko kalma ɗaya ban ce ba."

Bai ce in yi komai ba, ni ma ban ce zan yi ba. Amma a trotro da muke komawa na ji yunwa, karo na farko cikin makonni.

Wata huɗu na jira. Na ci gaba da gaishe da Nafi'u da ladabi, ina buga masa takardu, ina dariyar barkwancinsa. Hotuna biyu suka zo a tsakani, babu komai a cikinsu, na faɗa masa babu komai. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da na duba, da Hausa, da lokacinsa, ina sa shi a aljihun gaba.

Ranar ta zo wata Juma'a. Farfesa ta tafi ƙauyensu jana'iza tun asuba. Hoto ya sauko wajen sha ɗaya da rabi. Filin yana da ɗigo biyu. Ɗaya babba ne, mai haske, kusa da tsakiya, irin wanda zuciya ke so. Ɗayan yana can gefe, ɗan mitsitsi, da ƙyar ake raba shi da tabo. Na buɗe kundi. Babban yana ciki, an ɗauke shi tun shekarun baya, wani tsohon tauraro ne da yakan ɗan tashi ya kwanta. Ƙaramin kuwa kundi bai san shi ba.

Na rubuta a littafina: sha biyu da minti goma, babba ɗan gari ne, ƙarami baƙo ne, a duba ƙarami. Na mayar da littafin aljihu. Lambar Farfesa tana cikin wayata, na kuma san za ta ɗauka ko tana gaban gawa. Na buga hoton a takarda. Na zaro jan biro. Na daɗe a kan babban ɗigon, sannan na zagaye shi da kyau, da'ira mai kauri, na bar takardar a tsakiyar tebur.

Nafi'u ya shigo yana goge hannu. "Yallaɓai, yaya, an samu?"

"Zan kama Juma'a a Zango," na ce. "In na dawo ma ƙarasa."

Idonsa ya riga ya sauka kan takardar. "Je ka, je ka. A sa mu a addu'a."

Na kashe wayata a ƙofar jami'a. Na yi salla kusa da Baba Seidu a sahun tsakiya. Ban tuna huɗubar ba. Bayan an idar Mma Hawa ta ba ni tuwo da miyar ayoyo, na ci na ƙara. Sai bayan la'asar na kunna waya. Sanarwa ta fita ƙarfe ɗaya da kwata, Nafi'u a farko, babu sunana. Na ji daɗin rashin sunan nan fiye da yadda zan iya bayyanawa.

A gabashin duniya duhu ya riga ya yi, wani babban madubi ya bar aikinsa ya juya kan ɗigon Nafi'u. Bai ɗauki masu madubin dogon lokaci ba suka aiko da tasu sanarwar, gajeriya, mai ladabin da ya fi zagi zafi: abin da aka nuna musu tauraro ne sananne, yana cikin kundi, ga lambarsa. Ranar Lahadi hoton eksire na biyu ya sauko. Babban ɗigo yana nan yadda yake. Ƙaramin ya ɓace. Babu madubin da ya dube shi lokacin da yake da rai, don haka babu wanda zai taɓa sanin nisansa, ko ma ya rantse cewa garwashi ne.

Ranar Litinin Farfesa ta kira mu ofishinta, har yanzu da baƙin zanen makoki a jikinta. Ta tambayi Nafi'u ko ya duba kundi kafin ya aika. Ya ce an duba. Ta ce wa ya duba? Ya zaro takardar daga jakarsa ya ajiye gabanta. "Shi ya zagaye da ja. Duk abin da ya zagaye da ja ya duba shi. Haka yake yi kullum, na wancan karon ma haka..." Ya tsaya. Amma kalmar ta riga ta fita, kuma Farfesa ba kurma ba ce.

"Na wancan karon," ta maimaita. "Wanda ka ce ya buga maka takardu."

Na yi shekara tara ina koyon riƙe fuska a gaban makirufo, ranar ta yi mini amfani. Ta sallami Nafi'u, ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko na duba kundi. Na fito da littafina na fassara mata layin. Ta dubi lokacin da na rubuta, ta dubi lokacin sanarwar.

"Ka san na gaske tun sha biyu da minti goma."

"Na yi zarginsa."

"Kana da lambata."

"Kina jana'iza, Farfesa."

"Jan da'irar fa?"

"Da'ira ba magana ba ce. Ban ce masa ya aika ba."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce hasken nan ya baro inda yake tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa, ya iso hannuna, ni kuma na sa shi a aljihu na tafi da shi. Ta ce ta zalunce ni a karon farko, kuma za ta rubuta wa Turawan gaskiyar wanda ya samo garwashin Talata. Amma ba za ta aika musu da mai satar ido ba, ba kuma za ta aika musu da mai ɓoye ido ba. Kujerar bana ta tafi wata jami'a. Sannan ta turo mini kwamfutarta ta ce in rubuta sanarwar janye kuskure, da bayanin ƙaramin ɗigon da ya ɓace. Haka sunana ya fara fita a duniyar masana taurari, a farkon layi, a kan takardar ban haƙuri.

A matakala na tarar da Nafi'u. An karɓe masa izinin aika sanarwa. Idonsa ja. "Ɗan garinku, Haliru? Ɗan bayan unguwarku? Ka ji tsoron Allah."

"Sauri ne, Malam Nafi'u," na ce. "Ka san abin ba ya jira. Haƙuri, akwai gaba."

Da yammar nan na sami Baba Seidu a kan benci ƙofar gida, ana ta hayaniyar masu tashi daga kasuwa. Na ba shi labari duka, har da kujerar da ta tafi da garwashin da ya mutu. Mma Hawa tana tsaye da tsintsiya, ta ce, "To kai me ka ci a ciki? Shi bai tafi ba, kai ba ka tafi ba. Kai, maza!" Ta shige ciki tana tsaki.

Na juya wurin Baba. Akwai tambayar da ban yi masa ba a kara. "Baba, ranar farin bijimin nan, babu wani na kirki da kake so?"

"Akwai. Wani ja, ban taɓa ganin irin shi ba."

"Ina ya tafi?"

"Kafin in dawo daga salla wani Bafulatani ya saye." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Har yau ina mafarkin shi."

"Da za a mayar da kai ranar fa?"

Ya daɗe yana taunawa, yana kallon trotro suna wucewa.

"Da na ƙara shafa tozon," ya ce.

Na karɓi goron na ci.